Huhun Rago a Gidan Surukai

Innarmu Dije ta shekara talatin tana wanke kayan ciki a Ƙofar Rini. Ba ta yi boko ba, amma miƙa mata huhu, kafin ka janye hannu ta gaya maka ko dabbar ta yi ciwo. Ni Khaula, autarta, a bakin kwanon nan na girma.

Yayata Bahijja, 'yar farin Inna, ta fara haki bayan haihuwarta ta biyu. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta dafa bango. Dangin mijinta Jibrin suka ce son jiki ne. Son jiki fa! Alhali ƙanensa ya yi tarin kwana uku, har asibitin koyarwa aka kai shi a mota.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Bahijja ba, kunyar 'yar fari, don haka ni ta tura na raka ta asibiti. Likita ta ce hawan jinin huhu ne: jijiyoyin da ke kai jini huhu sun tsuke, zuciya na turawa da ƙyar. Ta ce ciwon ya fi kama mata, kuma wani cikin zai iya tafiya da ita. Muka kai labari gidan mijin, uwarsa ta taɓe baki ta ce likitoci ba Allah ba ne, ɗanta bai gama haihuwa ba.

Washegari da hantsi Inna ta yafa mayafi, ta ɗauki kwano a rufe, na bi ta. A tsakar gidan surukai ta buɗe: huhun rago ne, da zuciyarsa a manne. Ta kira Jibrin, ta zura yatsansa cikin babbar jijiyar, sannan ta matse ta a kansa har ya yamutse fuska.

"Haka zuciyar Bahijja ke fama kullum," in ji ta. "Bahijja, ɗiyata. Wanga kaya ya ishe ta, kar ku ɗora mata wani."

Wallahi ranar na fara jin sunan nan a bakinta. Yayata ta leƙo daga ɗaki tana hawaye. Ban taɓa alfahari da Inna kamar ranar ba.

Jibrin ya daɗe yana duban hannunsa. Sannan ya juya ga mahaifiyarsa, murya ƙasa ƙasa.

"Hajiya, ɗiya biyu sun ishe ni. Uwassu nike so ta rayu."