Ranar da Na Tuɓe wa Jikata Rawanin Likita

Na ga abubuwa da dama a yawon duniya, wasu tun kafin in sauka daga jirgi sun fice daga kaina. Amma zaman da muka yi a falon ɗana a Abuja kan karatun jikata, wannan kam ba na jin zai bar ni har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Abuja sai kumbura take yi, duk inda ka waiga gini ake ɗagawa, wayar hannu ta shigo har mai sayar da lemo yana da tasa. Ni kuwa na ajiye aikin tafinta da ya kai ni Khartum da Alƙahira da Dakar da Bombay, na sami ɗan gida kusa da Ushafa, ina kiwon zabi ina sauraron rediyo. Ɗana yana cikin gari da iyalinsa.

'Yarsa ta fari, tun tana firamare gwaggonta ta laƙaba mata Likita, wai don ta taɓa ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma. Sunan ya yi wa iyayenta daɗi, domin da ma kunyar 'yar fari ba ta barin su kira sunanta na yanka. Kafin ka ce me, har dangi na ƙauye ba su san ta da wani suna ba.

To, Likita ta gama sakandare, ta zauna jarrabawar shiga jami'a, makinta bai kai na karatun likita ba. Jami'ar ta ce in tana so ga gurbi a ilimin tsirrai. Ko dai ta karɓa ta haƙura da burinta, ko ta ƙi ta sake jarrabawa baɗi, in ta sake faɗuwa ta rasa duka biyun. Ubanta kuma ya riga ya ce sau ɗaya zai yarda a sake. Shi ya sa aka kira ni, a yanke shawarar abin da za a yi don kada a maimaita.

Bayan Azahar falo ya cika. Kawunta ɗan kasuwa ne ya fara: "Alhaji, a daina wahalar da yarinya, a tura ta Sudan kawai."

Na ce masa na zauna a Khartum, kuma iya sanina su ma can sai an ci jarrabawa, ga zafin da zai sa ka yi kewar Sakkwato.

Baffanta, ƙanen ubanta, ma'aikacin gwamnati ne mai son babbar riga. Ya gyara zama ya ce, "Baba, ƙasar nan ba maki ba ne, hanya ce. Akwai wani oga da na sani, magana ɗaya zai yi."

"In ya yi maganar ta shiga," na tambaye shi, "shi zai riƙa zauna mata jarrabawa har ta fito?"

Gwaggo kuwa ta rantse baki ne ya kama yarinyar, a nemo rubutu. Uban yana kallon kafet, uwar tana kallon uban. An kusa yin La'asar ana ta jan magana, sai na lura da wani abu.

"Wai ina mai maganar?"

Aka shiga waige-waige. Can uwar ta ce a hankali, "Baba, ta raka Inna asibiti. Tun da safe suka tafi bin layi."

"Wace Inna?"

"Wadda ta zo daga ƙauye da ciwon gwiwa."

"Ba ita ce ta zo da azumi ba?"

"A'a, waccan mai hawan jini ce."

Nan na fara gane inda matsalar take. Duk wanda ya san mu ya san gidan ɗan'uwa a Abuja ba gida ba ne, masauki ne. Kowa ya ji ciwo a ƙauye sai a ɗora shi a mota, a ce ya tafi wurin wane, can manyan asibitoci suke. In ya iso kuma dole a sami mai raka shi, mai jin Turanci da ɗan Turancin buroka, wanda zai karɓi kati ya yi wa nas bayani. Wa za a aika in ba Likita ba? A Bombay na zauna kusa da wani gida, shekarar da ɗansu zai yi babbar jarrabawa har talabijin suka rufe da zane, baƙo kuwa daga bakin ƙofa ake sallamarsa. A Alƙahira na ga uwa tana kai wa 'yarta shayi a kan yatsun ƙafa don kada ta yi motsi. Mu kuwa mun ba tamu sarautar da ba ta nema ba, muka haɗa mata da dukan majinyatan zuriya.

Ana haka suka shigo, tana riƙe da hannun tsohuwar, jakar littattafai a kafaɗa. Jika da kaka ba kunya tsakaninsu, don haka na tare ta.

"Amarya, an ce kin ba ni kunya."

"Ango, ai laifinka ne. Da ka aiko da zabo ko ɗaya, da ƙwaƙwalwata ta buɗe."

"Bar zancen zabo. Me ya kayar da ke?"

Ta saci kallon ubanta, sannan ta dube ni. "Fiziks ne. Sauran ina iya haddacewa a kan bencin asibiti. Shi kuwa lissafi ne, yana son tebur da shiru. Da na fara sai a kira lambarmu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In gaya wa wa? Kuma in na ce ba zan raka mara lafiya ba, a ce wace irin likita ce wannan."

Ban taɓa ganin babbar rigar baffanta ta yi laushi kamar ranar ba. Na tambaye ta abin da take so, abin da ba wanda ya yi tun fitowar sakamako. Ashe ta riga ta gama tunaninta. Ba ta son tsirrai, ba ta son Sudan, ba ta son oga. A samo mata malamin Fiziks, a tara mata tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a bar ta ta zauna wuri ɗaya.

Na miƙe na ce, "To, ni da ban taɓa naɗa kowa ba, yau zan tuɓe. Daga yanzu babu Likita a gidan nan. Amaryata za ta tare a gidana. Wanda kuma bakinsa ya kuskure ya kira ta da sunan, shi zai raka mara lafiya na gaba."

Ban rufe baki ba wayar baffanta ta yi ƙara. Irin wayoyin nan ne da kowa ke jin abin da ake faɗa. Wani ɗan'uwa ne daga tashar Nyanya, ya iso da ciwon ido.

Baffa ya ce, "Sannu da hanya. Bari in gaya wa Likita ta..."

Sai ya tsaya. Duk falo aka zuba masa ido. Ya tattara rigarsa ya ɗauki makullin mota. Ranar na fara jin dariyar surukata.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A ƙauye an yi ta cewa yarinya ta yi girman kai tun ba ta zama komai ba, ni kuma tsufa ya sa na fara raba zumunci. Ita ma akwai ranakun da na same ta ta kifa kai a kan littafi tana kuka, zabi suna ta ihu a bayan taga. Amma da sakamako ya fito, makinta ya wuce abin da ake nema. Da aka gaya wa ubanta, "To, madalla" kawai ya ce ya fita waje. Ta taga na hango shi yana goge ido da hularsa.

Yau takardarta ce ke kiranta likita, ba gwaggonta ba, kuma dangi sun dawo layi kamar da. Ni kaɗai na ƙi, har gobe amarya nake ce mata. Abin da zaman nan ya koya mini shi ne, kada a ɗora wa yaro suna kafin a ba shi lokacin da zai kai gare shi. Kuma in za a taru a gyara wa mutum rayuwa, a fara duba ko yana cikin ɗakin.