Kyanwar Ɗanladi Wanzami

Ranar sunan ɗan Alhaji Lawal ne, da hantsi, soro cike da mutane. Ɗanladi wanzami ya zauna a kan tabarma, ya naɗe hannun riga, Hajo kakar jariri ta miƙo masa yaron. Ya yi bisimilla ya buɗe jakar da yake zuba zabira da ƙahonni, sai ga 'yar kyanwa ta yi tsalle ta fito. Ba fitowar ce ta tayar da hankali ba. Tun daga cikinta har cinyoyinta babu gashi ko ɗaya, fata ja sul kamar an fige kaza. Ta zauna a tsakiyar taro ta ɗaga ƙafa ta hau lasa.

Ni Shitu, da katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, bakina bai iya zama ba. Na ce, "Af! Baba Ɗanladi, ashe a kanta kake gwada askar kafin ka fito?" Soro ya kwashe da dariya. Hajo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta fizge jikanta ta ce, "Wannan ai makero ne. Askar da ta kwana jaka ɗaya da wannan abu ba za ta taɓa kan jikana ba." Nan take aka tura babur ya ɗauko wani wanzami daga Maska. Ɗanladi ya tattara kayansa, ya cusa kyanwar a cikin riga, ya fita ko kason namansa bai tsaya karɓa ba.

To bari in gaya muku ko wane ne Ɗanladi. A ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi, duk wanda bai kai shekara arba'in ba, shi ya yi masa askin farko. Gado ya yi. Yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya damƙa masa aska, ya sa shi ya koya a bayan ƙwarya kafin ya taɓa kan mutum. Da damina yana noman masara da waken suya kamar kowa, sauran shekara kuwa yana kan tsohon kekensa gida-gida. Tun da samari suka koma shagon masu askin inji, abin da ya rage masa shi ne dattawa, da ƙaho, da askin suna. A kan askin sunan nan gidansa yake tsaye: nama ranar suna, damin dawa da kaka. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Zai wanke hannu sau uku kafin ya taɓa ka, ya sake wankewa bayan ya gama, kamar kai ne ƙazantar.

Kyanwar kuwa matarsa Kulu ce ta samo ta saboda ɓeraye sun dami rumbu. Tun tana 'yar mitsitsiya take lashe jikinta ba dare ba rana. Kulu ta ce abin ya yi yawa, shi kuma sai alfahari, wai ta ɗauko halin maigida. Da gashin ya fara zubewa sai ya yi mata irin nasa maganin, ya riƙa shafa mata man shanu a wurin. Kyanwa da man shanu! Ta riƙa lasa har tana lumshe ido.

Bayan abin da ya faru a gidan Alhaji Lawal, aka yi suna biyu a unguwa ba a kira shi ba. Dattawan da ke zuwa aski ranar Juma'a suka fara cewa sanyi suke ji, gashin ma yana da amfani. Ɗanladi ya daina zama a dandali. In zai tafi masallaci sai ya bi ta bayan gidaje. Ni ma sai abin ya fara damuna sosai, don duk inda na bi yara na maimaita maganata.

Kulu ce ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malam Shitu, tun da bakinka ya ɓata, ai babur ɗinka sai ya gyara." Washegari na goya shi zuwa asibitin dabbobi a Malumfashi, kyanwa a cikin kwando an rufe da tsumma. Muka tarar da layi: masu bijimai, masu tumaki, wani da jaki. Wani Bafulatani ya leƙa kwandon, ya dubi furfurar Ɗanladi, ya ce, "Baba, garken naka ke nan?" Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya ja tsumman ya rufe kwandon.

Ma'aikaciyar da ta duba ta, Malama Raudatu, ba ta yi dariya ba. Ta taje bayan kyanwar a kan farar takarda, wani baƙin gari-gari ya zubo. Ta ɗiga ruwa, ya koma ja.

"Baba, ƙuma ce," in ji ta. "Wannan kashinta ne, jinin kyanwar ne a ciki. Ba makero ba ne, na duba fatar. Ƙaiƙayi ne ya sa take cin gashinta."

"To ai na ɗauka lasa tsabta ce," in ji Ɗanladi a hankali.

"Tsabta ce in ta ci abinci ta lashe hannu ta kwanta. Amma in ta bar wasa ta bar barci tana lasar wuri ɗaya, gashi na faɗuwa, fata ta yi ja, to ciwo ne. Tun sannan ya kamata a kawo ta. Me kuka shafa mata?"

Ya kalle ni, na kalli jaki. Da ƙyar ya ce man shanu. Nan kam sai da ta rufe baki da mayafi. Ta ɗiga wa kyanwar magani a ƙeya, inda harshe ba ya kaiwa, ta ce a ƙone tsumman da take kwana a kai, a share ɗaki, kuma kada a kuskura a sa mata maganin feshin gona ko na wankan shanu, kashe ta zai yi. Ɗanladi ya roƙe ta ta rubuta a takarda cewa ba makero ba ne. Ta rubuta, har da hatimi.

Takardar ba ta yi aikin da ya zata ba. Ya nuna wa liman, ya nuna wa Alhaji Lawal, kowa ya ce Allah ya kyauta. Hajo ta ce ita ba ta karatun boko, idonta ta yarda da shi. Sati shida aka yi, gashin kyanwa ya dawo luf-luf, tana bin ƙadangaru a kan katanga, amma ba wanda ya yarda ya fara miƙa kansa.

Sai na ga ni ya kamata in fara. Ranar Juma'a bayan an sauko, na ɗauko kujera na dasa a tsakiyar dandali, na aika aka kira shi. Mutane suka taru. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ni na ɓata wa bawan Allah nan sana'a da wasan banza. Yau ga kaina, ya aske kowa ya gani." Na cire hula.

Ɗanladi ya tsaya a kaina da aska a hannu. Ya duba gaba, ya zagaya ya duba baya. Rana na haskawa a kan sanƙona.

Ya ce, "Shitu, kyanwata sati shida ta yi gashinta ya dawo. Kai shekara goma muna jiran naka. Tashi ka ba mai gashi wuri."