Maɗigar da ke Bayan Kunne

Har ranar da ƙasa za ta rufe idona, ba zan manta da hantsin da wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira bai gama aikin da ya kawo shi ba.

Jikata ce, 'yar ɗana. An haife ta da tabo launin ƙasa-ƙasa a baya da ciki, irin na ubanta, irin na kakanta, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa taƙama nake da shi. Duk wadda ta zo barka sai na buɗe mata bayan jaririyar, in ce ga hatimin gidanmu.

Bayan yaye, sai wani kumburi mai laushi ya fito mata a bayan kunne. In ina mata kitso sai in kauce masa, shi kuwa yana ta ƙaruwa. Mutanenmu na Bilbis suka ce mugun ruwa ne, a tsaga a huta.

Wanzami ya zo. Na ɗora kanta a cinyata, na danne. Ya aske wurin, ya sa yatsa, ya daɗe yana lalubawa. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a kai. Abin yana harbawa kamar maɗigar jariri.

"Inna, nan babu ƙashi," in ji shi. "Ni ba na tsaga abin da ke numfashi."

A Gusau aka ɗauki hoton kanta. Likita ya ce ƙari ne na jijiya, kuma ƙoƙon kan da ke ƙarƙashinsa a buɗe yake. Da aska ta shiga, jinin kaɗai ya isa ya tafi da ita. Sannan ya ce ɗana ya ɗaga riga. Ya dubi hatimin nan da nake taƙama da shi, ya ce alamar ciwon gado ce, sai dai da wuya ya kai ga haka. Ɗana ya sunkuyar da kai. Na ce masa ɗago, kai ma ba saye ka yi ba.

Aka tura mu babban asibiti, aka cire ƙarin, aka toshe gurbin. Yau ga ta ta zama budurwa, kitso ya rufe ɗinkin.

Ni dai na koyi cewa hannu ya fara saurare kafin ya yanka. Yanzu in an yi haihuwa a gidanmu, ba baya nake fara buɗewa ba. Kai nake fara shafawa.