Hancin Atiku da Tsohon Cikin Jirgi

"A sauke shi kawai. Doka ce, kuma da saninai anka kafa ta."

"A sauke shi ina? Sararin samaniya ne, ba tashar Jega ba."

"To mi yas sa ya ɓoye? Mutum arba'in na numfashi da abin da idonai ka gani, ido ya mutu, ya yi shiru."

"Kai da an ce duk wanda aikinai ya ƙare za a bar shi bisa dutse, ba ruwa ba inuwa, sai ka ɗaga hannu ka ce ga ni?"

"Ku tambayi Hanci. Shi ka raba mana gardama."

Kawuna suka juya ƙarshen benci, inda Malam Atiku yake zaune ya ɗora haɓa kan sandarsa. A shagon cajin waya na Nafi'u ne, cikin kasuwar Aliero, inda ake taruwa bayan la'asar a kalli wani shirin ƙasar waje da aka fassara da Hausa. Labarin wasu mutane ne da duniya ta lalace musu, suka shiga wani ƙaton jirgi suna yawo tsakanin taurari, iskar shaƙa tana ƙare musu kaɗan-kaɗan. Shugabar jirgin ta kafa doka, wanda ba shi da amfani a sauke shi. A ranar kuma asirin wani tsoho ya tonu. Shi ne mai karanta ma'aunin iska, ashe ya daɗe ba ya gani sosai, yana ta cewa lafiya lau alhali iska na zurarewa.

Makonni shida Malam Atiku yana bayan shugabar nan. Duk wanda ta sauke sai ya buga sanda a ƙasa ya ce matar nan ta san albasa, wadda ta fara ruɓa a fitar da ita tun ba ta shafi 'yan uwanta ba. Yau kuwa sai ya yi gyaran murya, ya ce mura ke damunsa, ya miƙe ya fita.

Sunan Hanci ba a banza ya same shi ba. A Danwarai aka haife shi, gonar gado ba ta kai ta riƙe gida ba, amma Allah ya ba shi abin da ya fi gona. Manoman albasa sukan adana amfaninsu a rudu, wato ɗakin kara da ciyawa da ake ɗagawa kan itatuwa don iska ta ratsa, a jira farashi ya tashi. Matsalar ita ce ruɓa daga tsakiya take farawa, inda ido ba ya kaiwa. Buɗe rudu kuma wahala ce, a sauke, a baza, a tsince, a mayar, wasu su ƙuje. Saboda haka kafin a buɗe sai a kira Atiku. Zai zagaya sau uku, ya rufe ido, ya cusa hanci tsakanin kara, ya ja numfashi. In ya ce lafiya, an bar rudu ke nan har wata guda. In ya nuna kusurwa da sanda, a nan za a tarar da ɓarnar. Shekara talatin yana wannan, daga Jiga Birni har Maiyama ana aiko masa ɗan acaɓa. Direbobin Jega sukan ce ko buhu ya wuce shi a kan babur, zai gaya maka gonar da aka noma ta.

Wata huɗu da suka wuce ya yi wani zazzaɓi. Zazzaɓi ya tafi, ya tafi da hanci. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da zagaye uku da rufe ido, sai dai yanzu ido ɗaya yakan bari a ɗan buɗe, yana leƙen inda ƙuda suka fi taruwa.

Hussaina, matarsa, ita ta kama shi. Ba ta tambaye shi ba, don ta san amsar da za ta samu. Wata safiya ta ƙulle daddawa a tsumma ta zura masa a aljihun riga. Ya wuni a kasuwa yana mamakin yadda kowa ke ba shi wuri a benci, har ya dawo yana ba ta labarin yadda girmansa ya ƙaru a gari. Ta zura hannu ta ciro ƙullin ta ajiye a gabansa. Tun daga ranar maganar ba ta sake tashi ba.

Da ya iso gida yau ya tarar da ita tana yanka kuɓewa a tsakar gida. Ita ba ta taɓa ganin shirin ba, amma kullum shi ke kawo mata labari, har ta fi shi riƙe sunayen mutanen jirgin.

"Baban Bushra, yau wa anka sauke?"

"Ba a kai ga saukewa ba. Tsohon nan mai duba iska ne. Ashe ba shi gani."

"Allah sarki. Kai kuma ka buga sanda ka ce a hidda shi."

"Ban ce komi ba."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Kai? Lallai yau an ga abu a kasuwa."

Ya zauna kan turmi ya cire hula. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya ce da safen nan ya je rudun Ɗalha. Ɗalha maƙwabcinsu ne, noman shekararsa kaf yana cikin rudun nan, da shi kuma yake sa ran rufa ɗakin da damina ta rushe masa.

"Mi ka ce mishi?"

"Na ce lahiya."

"Ka ji lahiyar?"

"Ban ga ƙuda ba."

Hussaina ta ci gaba da yanka kuɓewa. Shi kuma ya shiga kare tsohon jirgi da ƙarfinsa. Ya ce mutum ya yi shekara talatin yana duba ma'auni, rana ɗaya ya ce ba ya gani, su ce to sauka. Wa zai sake aiko masa ɗan acaɓa? Wa zai sake kiransa da sunan da aka san shi?

"Akwai acaɓa cikin jirgin?" in ji ta.

Ya ci gaba da juya hularsa.

"Ni abin da ban gane ba," ta ce, "mutum arba'in, ido tamanin. Tsohon nan ya san ma'anar kowane layi bisa ma'aunin, gani ne kawai ya rasa. Duk jirgin babu wanda zai ara mai ido? Ko ba shi da mata?"

"Ba a nuna matatai ba."

"Shi ya sa iska ta zurare."

Washegari da hantsi Ɗalha yana gyaran igiyar jakinsa sai ya hango Malam Atiku tafe, Hussaina na biye da mayafi. Ya tashi da sauri ya gaishe su, ya ce ko an yi rasuwa ne.

"Ba a yi ba," in ji Atiku. "Hancina ne ya rasu, wata huɗu ke nan. Lahiyar da na ce maka jiya, ban ji ta ba. Ƙuda na duba."

Ɗalha ya dubi hancin, kamar zai ga alamar mutuwa a kansa. Ya dubi rudu.

Atiku bai jira ba. Ya ce wa Hussaina ta fara daga gabas, ta sunkuya daidai gwiwa, don wari ƙasa yake sauka. Ya ce kada ta ja numfashi da ƙarfi, yajin albasa zai rufe mata komai, ta ja kaɗan-kaɗan kamar mai shan kunu da zafi. Ta zagaya sau ɗaya, ta zagaya na biyu. A kusurwar da ke kallon rijiya ta tsaya.

"Nan akwai wani abu."

"Kamar mi? Tsami ko zaƙi-zaƙi?"

"Kamar tsumman da ya kwana cikin ruwa, da ɗan zaƙi."

"Ba ta yi nisa ba," in ji Atiku, muryarsa ta dawo irin ta da. "Kwana biyar ko shida. Ɗalha, buɗe nan, kamu biyu daga ƙasa."

Aka zare kara. Ɗalha ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da albasa mai laushi tana ɗigar ruwa. Suka tsince abin da bai cika kwando biyu ba, sauran duk garau. Ɗalha ya zauna a ƙasa yana share zufa, yana duban tulin da ya tsira, can sai dariya ta kama shi.

"Kawu, ashe shi ya sa ranar nan ka wuni da daddawa. Mu munka ɗauka wani sabon magani ne, kowa na jin nauyin tambaya." Ya juya wajen Hussaina. "Inna, daga yau ke za a riƙa aiko ma acaɓa."

"Ni ban hawa babur," ta ce. "Kuma ni wari kawai ni ji. Kwana biyar da kamu biyu, wannan nashi ne. In ana so a ɗauke mu tare a mota."

Atiku ya mayar da hula, ya kakkaɓe rigarsa. Ya san kafin azahar labari ya kai Maiyama, akwai kuma ruduna uku da ya ce wa lafiya a watan nan, duk sai sun bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan yi gaba, sai ya dawo ya rage murya.

"Ɗalha, yau da la'asar za su yanke ma tsohon nan hukunci. Ni bakina ya mutu a shagon Nafi'u, na buga sanda da yawa. Don Allah in gardama ta tashi, ka ce a bar shi cikin jirgin, a samo mai wanda zai riƙa duba mai layin."