Kawu Ɗanjuma da Manajansa

Habibu ya kira ni ɓarawo. A gaban mutane ya faɗa, ranar sadakar ukun mahaifinsa, Kawu Ɗanjuma, ana zaune kan tabarmi ko fatiha ba a shafa ba. Wai na kwance injin yankan ciyawar tsohon na kwashe kayan cikinsa tun ba a dawo daga maƙabarta ba. Ni Garba, da nake gyaran injin ban-ruwa a bakin kasuwar Haɗeja, mutum ya bar injinsa a rumfata ya tafi Guri ya yi mako bai waiwayo ba. Washegari manoma biyu suka zo suka ɗauke nasu ba a gyara ba. Ɗaya wai ɗansa ne zai duba masa. Ɗan nasa da ko sifana bai san gabanta ba! Ga noman rani ya matso, ga Habibu zai koma Kano bayan sadakar bakwai. In ya tafi da maganar nan a bakinsa, ni da rumfa sai dai kallo.

To ku da kuka san Kawu, ai kun san Manaja. Wanda bai sani ba, injin yankan ciyawa ne irin wanda ake hawa, da kujera da sitiyari, kamar ɗan tarakta, wuƙarsa a ƙarƙashin ciki. Kawu ya yi aikin lambu a gidajen ma'aikata, da zai bar aiki aka ce ya zaɓa, keke ko wannan mataccen ƙarfe. Ya bar keke. Da jaki aka jawo shi gida, gidan da ko tsinken ciyawa ba ya fitowa saboda awakin matarsa, Inna Hajara. Ya sa masa suna Manaja, wai don shi ma manajan wurinsu bai taɓa ganin ya yi aiki ba, amma kowa gaishe shi yake yi.

Kullum da safe a kansa yake shan koko. Ya ɗare kujera, kofi a hannun dama, sitiyari a hagu, yana karkata shi kamar mai kauce wa rami. In ka ce, "Kawu, yaushe zai tashi?" sai ya harare ka.

"Ba lalacewa ya yi ba. Hutawa yake."

Hutun da ya fi shekarun auren wasu.

Ni ya maƙale wa, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa mai taɓa ƙarfe. Injiniya yake ce min, da gatse, don ya san a aji biyu na sakandare na tsaya. Kuma Kawu bai yarda da sabon abu ba. Bel ɗin injin markaɗe muka sa masa. Tayoyin gaba na baro ne. Kujerar ta wani wanzami ce da ya daina aski. Na ce masa fulogi ya mutu, a canza.

"Mutuwa? Kai ka yi masa wanka?"

Ya ɗauka ya jefa a garwashin murhun Inna, ya yi jawur, ya ciro da cokalinta na miya, ya hura.

"Ga shi nan. Datti ne kawai. Ku yaran yanzu in kuka yi tari sai ku ce a canza muku maƙogwaro."

Sau ɗaya Manaja ya taɓa tashi Kawu na raye, kuma unguwa ba ta manta ba. Lokacin kakar barkono ne, Inna ta shanya nata a tsakar gida. Na naɗa igiya na ja, na ja, a ja na tara ya yi tari ya kama. Kawu ya yi kabbara, ya tura sandar giya gaba. Manaja ya tafi baya. Birki babu, dama ba mu kai kansa ba. Ya hau kan shanyar Inna, wuƙa ta shiga aikinta. Wayyo Allah! Jan hayaƙi ya tashi sama, awaki na atishawa, maƙwabta na salati ta bayan katanga, liman ya fito daga gidansa da rawani a hanci. Sai da Manaja ya daki rumbu ya tsaya. Kawu ya sauko, hawaye shaɓe-shaɓe, majina har gemu.

"Kun gani? Yana yanka!"

Na ce, "Kawu, sandar giyar nan a juye ka ɗaura ta."

"Daidai take. Gidan ne ya yi masa kaɗan."

Inna ta yi kwana uku ba ta sa masa sukari a koko ba.

Sai ruwa. Ku dai kun san in kogi ya cika ba ya sallama. Shekarar da ya shigo unguwarsu, na ruga don in taimaka a fitar da kaya. Na tarar da Inna tsaye, ruwa har gwiwa, tukunya a ka. Kawu kuwa yana kan tsani, rungume da kayan cikin Manaja, kafireta da kwayil, kamar jariri.

Inna ta ce, "Malam, ni fa?"

"Ke kina da ƙafa, Hajara. Shi ba shi da ita."

Daga nan ya ƙirƙiro dabararsa. Ko ruwa ya shigo ko bai shigo ba, da damina ta yi nisa sai ya kwance duk wani abu mai tsoron laima a jikin Manaja, ya tura cikin buhunan ɓuntun shinkafa a zaure, wai ɓuntu na tsotse danshi. Ba ya gaya wa kowa ranar da ya yi, ko ni. Sai sanyi ya fara ya kira ni a mayar.

Dalilin duk wannan wahala kuwa, hanyar maƙabartar unguwa ce. Bayan ruwa ya janye ciyawa takan cinye ta har cinya, masu ɗaukar makara suna tuntuɓe. Kawu ya ce da Manaja zai share ta. Aka yi ta dariya. Bana ya yi zazzaɓin kwana huɗu ya tafi, muka ɗauke shi ta cikin wannan ciyawa, sau biyu na kusa faɗuwa da kafaɗata a ƙarƙashinsa. Ban yi dariya ba.

Ranar da Habibu ya yi min wannan magana ban iya cin tuwo ba. Da gari ya waye na je na leƙa Manaja a bayan rumbu. Gaskiya ne, cikinsa fayau. Bayan Kawu ni kaɗai ke taɓa shi, wa zai yarda da ni? Sai na tuna watan da muke ciki, sanyi bai fara ba. Na ruga zaure. Babu buhu ko ɗaya, an share tas an shimfiɗa tabarmi.

"Inna, ina ɓuntun Kawu?"

"Habibu ya ce yana tare wa masu gaisuwa wuri. Ya ba Tabawa mai bandar kifi tun ranar rasuwa."

Tabawa da ɓuntu take yin hayaƙi. Ban san lokacin da na bar takalmi ɗaya a ƙofar gidan ba. Na same ta bakin tandarta, ta cika kwano za ta watsa a wuta.

"Baba Tabawa, don Allah tsaya!"

"Kai lafiya? Ko kifin ne ya yi maka magana?"

"Buhu nawa kika ƙona?"

"Biyu. Wannan ne na ƙarshe. Yo ni dama na ce ɓuntun Ɗanjuma da nauyi kamar halinsa."

Na zazzage buhun a ƙasa. Ɓuntu, ɓuntu, ɓuntu. Sai na taɓa tsumma. Tsohuwar hularsa ce, ya naɗe kafireta a ciki. Can ƙasa ga kwayil a cikin safa. Na zauna daɓas. Fulogi ne babu. Tabawa ta ɗauki ice ta tona toka, ta turo min shi baƙi ƙirin tare da notuna biyar.

"Ashe shi ya sa jiya mai saye ya ce karfasata na warin gareji."

Kwana biyu fulogin nan ya yi a wuta. Da Kawu na nan cewa zai yi yanzu ne ya wanku.

Na rufe rumfa na tare a bayan rumbu. Na wanke kafireta da fetur, na busa kowace ƙofa da bakina, na wasa wuƙa a wurin maƙeri. Duk notin da na ɗaura sai in ji kamar ba zai tashi ba, a ce ɓarawo ya dawo da kaya don kunya. Sandar giya kuwa na juya ta daidai, na ce Kawu ka yafe ni, gidan bai yi masa kaɗan ba.

Ranar bakwai da hantsi na tura shi bakin hanyar maƙabarta. Ja ɗaya, shiru. Biyar, shiru. Gumi ya jiƙa min riga. A na goma sha ɗaya ya yi tari irin na mai shi, ya kama. Na hau kujerar wanzami, na tura sanda gaba, ya tafi gaba. Ciyawa na zubewa ta gefe, fara na tsalle, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika min hanci. Na je na dawo sau huɗu. A bakin katangar maƙabarta na kulle fetur, don har yau birki babu, na shiga da ƙafa na tsuguna a gefen kabarin Kawu.

Allah ka jiƙan Kawu Ɗanjuma. Bai taɓa yar da abu don ya tsufa ba, ya Allah kada ka yar da shi. Ka share masa hanya kamar yadda ya so ya share wa mutane. Ka sa hutawa yake.

Daga nan na tuƙo Manaja har ƙofar gida, mutane cike a tabarmi. Habibu ya miƙe yana murmushin dole.

"Haba taubashi, ai ka san wasa ne tsakaninmu."

Na kashe injin, na sauko, na tsaya inda kowa zai ji.

"Ba a wasan taubashi a kan tabarmar makoki, Habibu. A gaban mutanen nan ka ce min ɓarawo, a gabansu za ka janye. Kai ka ba da kayan cikin Manaja aka yi bandar kifi da su, don ba ka san abin da ubanka ke ajiyewa a zaurensa ba. Ni na sani. Ungo igiya, Manaja gadonka ne. Ja ya tashi mu gani."