Giwayen Muttaƙa Tara

Duk wanda ya je cirani Libiya daga Magariya da abin da yake dawowa da shi: wani babur, wani barguna. Muttaƙa kuwa, bayan shekara goma sha ɗaya yana sharar ɗakuna a wani otal, sai ga shi ya sauko daga mota rungume da injin zuƙe ƙura. Abu ne kamar tulu a kan 'yan tayoyi, da dogon tiyo a gaba. 'Yan boko suka ce sunansa asfiratar. Mutanen gari suka dubi tiyon suka ce ai wannan hancin giwa ne, shi ke nan Muttaƙa ya zama Mai Giwa.

Da ya tsaya a ɗaya da sauƙi. Ina! Ya buɗe rumfar gyaran fanka da rediyo, amma da ya ji an sauke kayan gwanjo a Dungas, ko an tsallako da su daga Kano, sai ya rufe rumfa ya hau kabu-kabu. A haka giwaye suka kai tara.

In ka yi kuskuren tambayarsa bambancinsu, ka shiga uku, don azahar a tsaye za ta same ka. Jar nan ta Jamus ce, ba ta da hayaniya, in ka taka mata wani maɓalli ma sai ta haɗiye wayarta. Shuɗiyar kuwa ihu kawai ta iya. Mai jakar takarda ya raina ta, don in ta cika ina za ka samo wata a Magariya? Mai jakar yadi ita ce 'yar gida, a kakkaɓe a mayar. Bakunansu ya rataye a ƙusoshi: mai faɗi na darduma, siriri na lungu, mai gashi na labule, da wani ɗan mitsitsi da shi kansa bai san aikinsa ba, amma taɓa shi ka ga tashin hankali. Abin dariyar, ɗakin da ya tara su daɓen ƙasa ne, kuran kuma, wato lantarki, sai ran da ya ga dama yake zuwa.

Mutum ɗaya ne abin bai taɓa ba shi dariya ba, wato yayansa Goni, babban gida kuma limamin masallacin unguwa. Wata Talata ya kira shi zaure.

"Muttaƙa, gidanmu gidan karatu ne. Ka je uwa duniya ka yi shara, mun rufe maganar. Yanzu ka tara mana shaidar abin kunya a ɗaki. Ranar kasuwa 'yan gwangwan za su zo da sikelinsu, su fasa su kwashi jan ƙarfe."

Muttaƙa ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Yaya, da sharar nan na rufa wa gidan nan asiri shekara goma sha ɗaya. Sannan ba ta yi wari ba."

"Na gama magana."

Ana cikin haka ga wata matsala a masallaci. Wata uku ke nan da wani attajiri ya shimfiɗa musu moket, darduma mai kauri daga bango zuwa bango. Dattijon da ke share masallacin tun yana rairayi bai canza komai ba: ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, sannan ya bi da tsintsiya, yadda kowa ya tashi ya ga ana yi. Ruwa ya tura ƙasa cikin darduma ta daskare, wurin ya ɗauki tsami. Goni dama mai ciwon ƙirji ne, ya kai ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai tari ya tsinke shi.

Ran Alhamis Goni ya tura matarsa Tabawa wurin Muttaƙa. Ta ce, "Malam ya ce a ba da injin guda, wani zai kai masallaci. Kai ba sai ka je ba, kada a gan ka."

"Kada a gan ni? Yaya Tabawa, ki gaya masa giwata ba ta fita sai da ni."

Da safiyar Juma'a ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya kafa hula, ya jawo jar ta Jamus a bayansa. Da gangan ya bar gajeriyar hanya ya bi ta gaban masu shayi. Suka yi ta ihu, "Mai Giwa, ina za a kai ta kiwo?" Ya ce musu, "Shara zan je, ku zo ku gani!" Wallahi kuwa suka biyo shi.

Aka ta da gurup ɗin masallaci, wato injin ba da wuta. Ya naɗe hannun riga, ya sa baki mai faɗi ya bi sahu-sahu, ya canza siriri ya bi gindin bango da mazaunin liman. Inda ya wuce sai launin darduma ya fito kore shar, mutane har sun manta koriya ce. Sau huɗu yana juye jaka a cikin buhu. Da ya gama ya ɗauki buhun ya dire a gaban Goni, a bainar jama'a. Ƙasa ta fi tiya uku.

"Ga abin da kake shaƙa a sujada, Yaya. Mai shara ne ya fitar maka."

Goni ya dubi buhun. Ranar ya ja salla har sallama, tari biyu kawai aka ji.

Ranar kasuwa 'yan gwangwan suka iso da sikeli kamar yadda aka yi da su. Suka tarar da Muttaƙa zaune a bakin ɗaki, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa. Goni ya fito, ya sassauta murya.

"To, a bar jar saboda masallaci. A ba su takwas ɗin."

Muttaƙa ko motsi bai yi ba. Ya dubi yayansa ido cikin ido.

"Ran da ka ce a fasa su, har da ita ka ce. Tara suke, Yaya. In takwas abin kunya ne, ita ma a ɗora ta a sikeli, a koma yayyafa ruwa."

Goni ya juya ga masu sikelin ya ce, "Ku yi haƙuri, babu kaya a gidan nan."