Na Je Rufe Gidan Yaya a Rusholme

Ban cika wata uku a Birmingham ba aka ɗora mini aikin da ban san kansa ba balle gindinsa. A Selly Oak nake, a gidan haya na ɗalibai, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Kuɗin wuta da na gas suna cikin kuɗin haya, don haka iyakar sanina game da ɗumin gida shi ne, da asuba ƙarfen da ke jikin bango yakan yi zafi, da hantsi ya huce. Mai kunna shi da mai kashe shi, Allah masani.

A Manchester akwai wani ɗan unguwarmu da ya girme ni, tun muna gida Yaya nake ce masa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya saya mini rigar sanyina ta farko. Yana zaune a Rusholme da matarsa, wadda nake kira Anti, da 'ya'yansu biyu. A shekarar babbar sallah ta faɗo a bakin hunturu, kuma ba a jima da sallar ba mahaifinsa ya rasu. Suka tafi gida a gigice, suka bar makulli wajen wani mai shagon nama a Wilmslow Road.

Suna cikin zaman makoki ya kira ni. Layin yana yankewa, ina jiyo masu gaisuwa a bayansa.

"Ƙanena, an ce sanyi mai tsanani na tafe. Don Allah ka je ka duba mana gidan, kada fayif ya fashe. Ka rufe ruwa, ka bar hita..."

"In bar ta a kunne ko a kashe, Yaya?"

Sai muryar Anti na ji. "Ka kashe komai. Komai! Gas ɗin nan ba kyauta ba ne." Layi ya ɗauke.

Na sauko kicin na tarar da maƙwabcin ɗakina, wani mutumin Jos da ke karatu da rana, yana aikin kula da tsofaffi a ƙarshen mako. Na tambaye shi yadda ruwa zai fasa ƙarfe. Ni dai ƙanƙara abar saye ce da azumi, ban taɓa jin ta yi wa kowa ɓarna ba. Ya ce in ruwa ya daskare kumbura yake yi, don haka ko dai in zubar da duk ruwan da ke cikin fayif, ko in bar gidan da ɗan ɗumi.

"Wanne ya fi?"

"Ya danganta da irin boilar, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gidan."

"Wace iri ce tasu?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Malam, ni na taɓa zuwa gidan?"

Ranar Asabar na hau bas zuwa Manchester, na biya na karɓi makulli wajen mai shagon naman. Gidan yana tsakiyar dogon layi na gidajen jan bulo, manne da juna, duk kama ɗaya. Da na buɗe ƙofa sai na ji cikin ya fi waje sanyi. Kofunan shayi na kan tebur yadda aka bar su, ga takalmin yarinya ƙafa ɗaya a kan matakala. Na ɗan jima a tsaye, na yi wa mamacin addu'a, sannan na shiga kicin.

Boilar tana jikin bango. Babu rubutu a jikinta sai hotuna: rana, famfo, da wani zane mai kama da ƙwayar dusar ƙanƙara. Na tsaya ina lissafi. In na murɗa zuwa rana, zafi za ta ba ni, ko nufinta lokacin rani ne, ta daina aiki? In na kai ta kan ƙanƙara, sanyi za ta yi mini ko maganin sanyi? Kowanne na ɗauka sai in ga yana da hujja. Na bar ta na koma kan ruwa.

Tun kafin in taso mutumin Jos ya ce in duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a nan ake rufe ruwan gida. Na fitar da buhun shinkafa da jarkar manja, na samu wani ɗan famfo a can ƙurya, ya yi kore don tsufa. Na murɗa dama, na murɗa hagu, ko gezau. Sai na tuna na ga wani ƙaramin marfin ƙarfe a ƙasa, a bakin ƙofar waje. Na ɗaga shi da cokali, na zura hannu har gwiwa cikin laka mai sanyi, na taɓo wani abu, na yi bisimilla na murɗa. Na dawo kicin na buɗe famfo. Ya yi tari, ya tofar da ɗan ruwa, ya yi shiru. Na ce alhamdu lillahi, rabin aiki ya kammala.

Ina goge hannu aka buga ƙofa. Wani tsohon Bature ne, sanye da silifas da rigar ulu, kumfar aski a rabin fuskarsa, butar shayi a hannunsa. Ya yi magana mai tsawo. Na yi shekaru ina koyar da ɗalibai da Turanci a gida, amma cikin abin da dattijon nan ya faɗa kalmar ruwa kawai na tsinta. Na ɗauka roƙon ruwa ya zo, kunya ta kama ni, don a wurinmu ba a hana maƙwabci ruwa. Na ba shi haƙuri, na ce yanzun nan na rufe namu, da ya zo da wuri da na cika masa.

Ya dube ni, ya dubi butarsa. Ya sake maimaitawa da ƙarfi, kamar ƙarfin murya ne matsalar. Da ya ga ba mu fahimci juna ba sai ya kama hannun rigata ya ja ni waje, ya nuna marfin ƙarfen, ya nuna gidan Yaya, ya nuna nasa, ya nuna na gaba da shi. A ƙofar na ukun wata mata ce tsaye riƙe da ƙugu, da jariri a kafaɗa.

Ashe bututu ɗaya ne ke shayar da gidajen. Na durƙusa na sake zura hannu cikin laka na buɗe musu ruwansu, matar tana kallona har na gama.

Na zaci dattijon zai tafi, sai ya biyo ni ciki, kumfar ta fara bushewa a kumatunsa. A hankali kunnena ya fara sabawa da harshensa. Ya san Yaya, ya ce yaran sukan jefa ƙwallo cikin bayan gidansa. Da na gaya masa rasuwar sai ya ajiye butar a kan tebur. Na ji daɗi a raina, na ce ga ɗan gari ya zo, yanzu za a warware mini komai. Na kai shi gaban boila.

Ya sa tabarau, ya matsa kusa, ya ja da baya. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba. A gidansa matarsa ce ke kula da waɗannan abubuwa, kuma tun da ta rasu ɗaki ɗaya yake ɗumamawa. Da can yakan wuni a wani zauren tsofaffi na unguwa inda akwai ɗumi da shayi, amma hukumar gari ta rufe shi, lokacin ana ta tsuke bakin aljihu ko'ina. Muka tsaya mu biyu muna kallon hoton rana da na ƙanƙara kamar masu jiran ta yi magana.

Ya ce in buɗe ƙofar da ke cikin silin a saman bene, don ɗumi ya hau wajen tankin ruwa. Na ce wane ɗumi, an ce in kashe komai. Ya ce kada in kashe. Na nuna masa mitar gas, irin mai kati ce, in kuɗin ciki ya ƙare za ta kashe kanta ko na so ko ban so ba. Ya sosa kai. Na hau kujera na leƙa cikin silin da fitilar waya, babu tanki, sai akwatuna da ƙura. Na sauko na gaya masa. Ya ce to, a nasa gidan dai akwai.

Na kira Yaya, Anti ta ɗauka. Ban gama bayani ba ta yi salati.

"Firiza! Naman layya na ciki, ko rabi ba mu ci ba. Ka kashe wutar?"

"Ke kika ce in kashe komai, Anti."

"Banda firiza mana! Kai, tsaya. Ita ma wutar ta kati ce, za ta ƙare." Na ji tana magana da wani a gefe, sannan ta dawo, muryarta ta sauka. "Ka kwashe duka ka rabar. Allah ya kai ladan kabarin Baba."

"To hitar fa?"

"Yi yadda ka ga ya dace, ƙanena."

Abin da na ga ya dace shi ne, na ajiye abin murɗawar tsakanin ƙanƙara da rana, ba ta nan ba ta can. Na samo wasu zannuwa a kabad na naɗe duk bututun da idona ya gani. Na cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofofi, na toshe wasu ramuka da na gani a bango suna shigo da iska. Dattijon na riƙe mini kujera. Na ba shi cinyar rago, ya karɓa da hannu biyu, yana juya ta kamar bai san ta inda zai fara ba. Ragowar na zuba a akwatin tafiya na ja zuwa tasha.

Kafin mu kai Birmingham akwatin ya fara ɗiga. Washegari na kai kaso masallaci a Aston, na raba wa 'yan gidanmu sauran. Mutumin Jos ya yi farfesu, ya ce shi ma zai sa mamacin a addu'a.

Sanyin ya zo kamar yadda aka ce. Na ga dusar ƙanƙara karon farko ta tagar ɗakina, amma maimakon in yi murna, tunanina yana Rusholme. Duk wayar da ta shigo sai in yi sauri in duba lambar.

Bayan sabuwar shekara suka dawo, na je yi musu barka da hanya. Babu fayif ɗin da ya fashe. Yaya ya ce gas ya ƙare tun tuni, don haka ba hita ce ta cece su ba. Dattijon ya ce masa wai gidan tsakiya yana shan ɗumin maƙwabta. Yaya bai yarda ba, ya ce wane ɗumi ne a gidan mai ɗumama ɗaki ɗaya. Har yau ban san gaskiyar ba.

Bangon ɗakin yara kuwa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Ramukan da na toshe na shan iska ne, dole a bar su a buɗe ko da ana tsananin sanyi. Na ce to me ya sa ake rufe ƙofa?

Anti ta fito daga kicin da wani zani a hannu, duk ya yi tsatsa da maiƙo.

"Ƙanena, wannan atamfar ko sau ɗaya ban ɗaura ba. Kuma ka san me ka naɗe da ita? Bututun gas. Shi ma sanyi yake ji?"

Yaya ya fashe da dariya har yana riƙe bango, ya rame sosai a tafiyar, haƙoransa duk sun fito. Da ya lafa ya share ido, ya miƙo mini soso da bokiti, ya ɗauki nasa, muka hau sama wankin bango.